Kan maganar shamuwa da kat tambaya

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka da hotunan da kat turo, na balbelar nan da ke bayan shanu ya yi kyau ƙwarai. Ka ce tsofaffin unguwarku sun hana ka hawan icce ka ɗauki hoton sheƙar shamuwa, kana son ka san ko addini na ko camfi.

To su ad da gaskiya, kada ka hau. Shamuwa baƙuwa ta, rani duk tana can kudancin Afirka, sai wajen watan Afrilu zuwa Mayu take isowa ƙasar nan, kuma da manomi ya ganta bisa tsamiya ko kuka ya san lokacin sharar gona da gyaran kalme ya yi. Ba ta zuwa daji ta ɓoye, cikin gari take sheƙa tsakiyar mutane, wani icce ma shekara da shekaru nan take dawowa, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe ta yi ta cin fara da tsutsar da ke ɓata shuka, kaka na yi ta kwashi ɗiyanta su koma. Wadda ta amince ma haka ai ba ka cin amanatta.

Da muna yara an tsorata mu cewa wanda duk yat taɓa ƙwanta wani abu na samunai, wanga kam camfi na, dabara ce ta hana yara masu danƙo ɓarna. Amma asalin hanin addini bai ƙi shi ba. Akwai hadisi cikin Abu Dawuda, sahabbai sunka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa tana ta shawagi bisansu, Manzon Allah (SAW) ya umurce su da su maida mata. Haka an hana kashe alhudahuda. Kai ko in ka hau, uwar tashi za ta yi, hankaka da shirwa kuwa suna nan kusa suna jira, kuma zafin ranar Sakkwato kai ka san shi.

Abin da ke ci min rai ungulu. Da can mahauta ba ta rabuwa da su, yau nemi guda ka gani, masu neman kanta don magani sun kusa ƙare ta, don ba wanda yat tsaya mata yadda anka tsaya ma shamuwa.

Hoto dai ka ci gaba, ina so. Ka tsaya daga ƙasa ka jawo da zum, in iccen cikin gidan mutane yake ka yi sallama ka nemi izinin maigida, kada ka ɗaga waya saitin katanga a ce matan mutane kake ɗauka. Bayan asuba ka leƙa fadamar Kwalkwalawa ta hanyar jami'a ko tafkin Kware, akwai zalɓe da kirinjijiya. In ka samu carki bisa bayan sa ka turo min, na daɗe ban gan shi ba. Ka gaida mahaifiyarka.