Za a iya kiwon tarsiya a gida?

Mai tambaya yana son sanin ko wannan ɗan birin mai manyan idanu, tarsiya, zai kiwatu a keji. A'a, ba ya kiwatuwa.

Matsalar farko abinci ce. A dangin birai shi kaɗai ne ba ya taɓa 'ya'yan itace ko ganye. Fara, gyare, gizo-gizo da ƙananan ƙadangaru yake ci, kuma sai masu rai, da kansa yake dirowa ya cafke su cikin dare. Ka ajiye masa ayaba, yunwa ta kashe shi.

Sai idanu. Kowanne faɗinsa kusan milimita 16 ne, girmansa ya kai na ƙwaƙwalwarsa, kuma ba ya juyawa a cikin gurbi, sai dai ya murɗa wuya kusan digiri 180. Hasken fitila ko filashin waya azaba ne gare shi. Idan hayaniya da taɓawa suka ishe shi, yakan yi ta buga kai a keji, ƙoƙon kan kuma ba kauri.

Ɗa ɗaya macen ke haifa bayan cikin wata 6. A ƙasar Filifin, inda ake samun sa, doka ta hana kama shi. Mai son gani ya je tsibirin Bohol da ke can.