Amsa ga mai koyon kanikanci da yake son barin maigidansa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayarka ta iso gare ni, kuma na dube ta a tsanake. Ka ce kawunka ne ya kai ka wani gareji a Suame, unguwar garejojin Kumasi da ake kira Magazin, kana ɗan shekara 16, aka yi alkawarin shekara uku, aka biya kuɗin shiga, ga shi yanzu kana cikin shekara ta biyar ba wanda ya tayar da maganar yaye. Ka ce maigidanka yana marinka a gaban masu mota, yana zagin mahaifiyarka, yana hana ka kuɗin abinci duk ranar da wani ƙarfe ya ɓace ko da ba kai ka taɓa shi ba, kuma idan ya zo ɗaura taimin, wato saita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin injin, ko haɗa giyar mota, sai ya aike ka sayen wani abu don kada idonka ya gani. Kana so ka sani ko ka tafi, ko kuwa ka ci gaba da haƙuri kamar yadda mutanen gida suke ce maka.

Bakinka kaɗai na ji, ban ji nasa ba, amma idan abin da ka faɗa haka yake, to shawarata ita ce ka bar wurin, sai dai ta ƙofar da ka shiga za ka fita, da rana tsaka, da sanin wanda ya kai ka.

Kafin in faɗa maka dalili, ina so ka raba abu biyu da yara da yawa suke cakuɗawa, wato wahalar sana'a da zaluncin mai sana'a. Wanke kayan injin har fatar hannu ta tsage, kwanciya a ƙarƙashin mota cikin lakar damina, sharar gareji kafin kowa ya iso, ɗaukar akwatin sifana a bayan manyan yara, duk wannan ba zalunci ba ne, hanyar ce haka, kuma babu wanda ya zama gwani a Magazin ba tare da ya bi ta ba. Tsawa ma tana da gurbinta. Yaron da ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai bai tokare ta ba, ko ya mayar da taya bai ƙara bin notunanta ba, ko ya gyara birki bai cire iska ba, dole a daka masa tsawar da ba zai manta ba, domin motar nan za ta ɗauki mutane ta nufi Tamale ko Bolga, wata ma ta ƙetare iyaka zuwa Wagadugu da kaya, kuma sakacin minti ɗaya a gareji yana iya zama makoki a gidaje da yawa. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: bayan an gama yi maka faɗa, shin ka tashi da sanin abin da jiya ba ka sani ba? Idan ka tashi da shi, tarbiyya ce, ka riƙe ta da hannu biyu. Idan kuwa abin da ka tashi da shi kawai tsoro ne da ɓacin rai, to ba koyarwa ake yi ba. Ka san noti yana da iyakar ɗauri, idan aka wuce ta haƙorinsa ya cinye, daga nan ba ya riƙe komai. Yaron da ake mari kullum shi ma hannunsa rawa yake yi a kan aiki, ya koyi ɓoye kuskure maimakon faɗinsa, kuma makaniken da yake ɓoye kuskure haɗari ne ga duk wanda ya hau motar da ya gyara.

A cikin abin da ka lissafa, wanda mutane za su fi jin zafinsa shi ne mari da zagin uwa, kuma sun yi gaskiya, domin babu wata sana'a da ta halatta wa mutum ya ambaci mahaifiyar wani da mummunan baki. Amma ni a matsayina na mai gareji, abin da ya yanke mini hukunci shi ne aiken da yake yi maka a lokacin ɗaura taimin. Yarjejeniyar da ke tsakanin maigida da yaronsa ciniki ce bayyananniya, ko da ba a rubuta ta ba: yaro ya ba da ƙarfinsa da shekarunsa ba tare da albashi ba, maigida ya biya shi da ilimi. Duk ranar da ka kwance giya, ka wanke, ka jera, sannan aka kore ka a daidai lokacin da za a haɗa, to ka biya naka kason shi bai biya nasa ba. Na san dalilin da ke sa wasu masu gareji yin haka. Yaro mai shekara huɗu a hannu ya riga ya iya canza kuloci da birki da baƙin mai, yana kawo kuɗi kullum ba a biyansa, idan aka nuna masa sauran sirrin aikin zai nemi yaye, gobe ya buɗe rumfarsa a layin gaba. Saboda haka sai a riƙe shi a tsakiya, ya iya abin da zai amfani maigida, kada ya iya abin da zai amfani kansa. Wannan cin gumin ɗan mutane ne, kuma abin kunya ne gare mu duka masu riƙe da yara, domin saboda irinsa ne iyaye a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo suke jin tsoron miƙa 'ya'yansu ga sana'a, yaran su ƙare a gantali.

Ka kuma lura da cewa shekarar da ta wuce ka a banza yanzu ta fi ta zamaninmu tsada. Mun koyi aiki a kan kabareta, da kunne muke gane ciwon injin. Motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Tema yau yawancinsu kwamfuta ce take sarrafa man da iskar, sai an jona na'urar bincike kafin a san inda matsala take, kuma wanda bai koyi wannan yana matashi ba zai wayi gari yana tura masu mota wurin wani.

Game da haƙurin da ake ce maka ka yi, masu faɗa ba mugunta suke nufi ba. Suna tsoron a ce ɗansu ya gudu daga aiki, suna kuma tunanin kuɗin da aka biya da goron da aka raba. Amma addininmu bai ɗora haƙuri a kan yaro kaɗai ya bar maigida ba. A cikin Suratul Ƙasasi, dattijon Madyana da ya ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aikin kiwo, ya yanke masa wa'adi sananne, shekara takwas, in ya cika goma to ganin damarsa ne, sannan ya ce masa ba ya nufin ya tsananta masa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa jin ko da kalmar gajiya da shi daga bakinsa ba. Wanda ya riƙe wa'adi ya wuce da shekara biyu ba bayani, shi ne ya saɓa alkawari, ba kai da kake son tafiya ba. Al'ada ce yaro ya ƙara wasu watanni yana yi wa maigidansa aikin godiya bayan cikar lokaci, kuma al'ada ce mai kyau, amma da yardar yaro ake yin ta, kuma tana da ranar ƙarewa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar yara ta Ghana ta 1998, mai lamba 560, ta yi magana a kan koyon sana'a irin namu. Ta ce kada a ɗauki yaro kafin ya kai shekara 15 ko ya gama karatun farko, ta wajabta wa mai sana'a ya koyar da shi iyakar saninsa, ya ciyar da shi sai in an yi wata yarjejeniya dabam, ya tanadar masa wurin aiki mai aminci, ya ɗauki alhakin cutar da ta same shi a kan aiki, ya kuma ba shi takardar sallama idan wa'adi ya cika, sannan ta ce rigimar da ta taso a kai ta wurin jami'in ƙwadago na gunduma. An rubuta ta ne don waɗanda ba su kai 18 ba, kai kuwa a ƙarƙashinta ka shiga. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ita ta ma'aikaci mai albashi ce, amma ka san da ita domin gobe wani kamfani zai ɗauke ka: a sashe na 63 ta ce ma'aikacin da ya ajiye aiki saboda musgunawar maigidansa ana ɗaukarsa tamkar wanda aka kora bisa zalunci, yana da damar kai ƙara gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Duka kuwa laifi ne a dokar laifuffuka, ko wane ne ya yi shi. Ban kawo maka waɗannan don ka garzaya kotu ba, na kawo su ne don kawunka ya zauna a gaban mutumin nan ya san ba alfarma ya zo roƙo ba.

Yanzu sai yadda za ka fita, kuma a nan ne yara da yawa masu gaskiya suke zubar da gaskiyarsu. Magazin gari ne guda na masu ƙarfe, amma labari a cikinsa ba ya kwana. Idan ka sulale da dare, kafin azahar maigidanka ya gaya wa maƙwabtansa cewa ka gudu da sifanarsa, masu sayar da kayan gyara su ji, direbobi su kai zancen har Kokompe da Abossey Okai, kasuwannin kayan gyaran mota a Accra, kuma babu mai gareji da zai karɓi yaron da aka ce ɓarawo ne, ko da ƙarya aka yi masa. Saboda haka ka fara da kawunka, ka gaya masa komai ba ƙari ba ragi, har da naka laifin in akwai. Shi ya nemi dattijo guda da maigidanka yake jin nauyinsa, ko limamin masallacin da yake salla, ko wani daga shugabannin ƙungiyar masu gareji ta GNAG na sashenku, su je su same shi a lokacin da babu masu mota, domin mutum irin wannan idan aka kunyata shi a bainar jama'a taurin kai yake ƙarawa. A zaman, kai ka yi shiru sai an tambaye ka. Abu biyu za a ajiye masa ya zaɓi ɗaya: ko ya sa ranar yaye ta kusa a rubuce, da adadin abin da za a kawo, da sharaɗin babu duka babu zagi har ranar, ko ya sallame ka da takardar da ta nuna shekarun da ka yi a hannunsa. Idan ya ce kana da bashin kayan da suka ɓace, a ce ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu. Idan ya ƙi duka biyun, dattawan nan sun zama shaidarka, ka tafi da sunanka a wanke.

Kafin ranar tafiya ka ƙarasa duk motar da ka kwance, ka ƙirga masa kayan aikinsa a gaban babban yaron gareji, kada ka ɗauki ko da washa ɗaya, kada ka kira masu motarsa ka ce su bi ka, kada kuma ka hau Facebook ko WhatsApp kana zaginsa. Abin da ya koya maka, komai ƙanƙantarsa, ka gode masa a kai da bakinka, domin haƙƙinsa ne, zaluncinsa bai shafe shi ba. Wuri ɗaya ne kawai na ce kada ka jira zaman kowa: in ya ɗaga ƙarfe a kanka, ko ya ji maka rauni, to ranar ka bar garejin, ka je wurin 'yan sanda su ba ka takardar asibiti, likita ya duba ka, ka adana takardun.

Kada ka yi zaman gida bayan ka fita, kuma kada ka yi saurin buɗe taka rumfar da rabin ilimi, domin injin mutum ɗaya da ka lalata zai cinye maka sunan da ba ka riga ka gina ba. Ka nemi wani maigida tun kafin ka bar wannan, kawunka ya yi bincike a kansa wurin yaran da ya yaye, ya ji nawa ne suka tsaya da ƙafarsu, kuma wannan karon a rubuta wa'adi da abin da za a koya maka, kowa ya sa hannu. Ka kuma yi niyyar zama jarabawar sana'a ta gwamnati, wadda muka fi sani da sunan NVTI, cibiyar da aka kafa tun 1970, domin kamfanonin haƙar ma'adinai da na manyan motoci takarda suke fara tambaya.

Ka zo da kawunka garejina ranar Lahadi bayan la'asar, ka taho da kayan aikinka na sawa. Akwai injin da aka sauke, zan sa ka kwance kansa, ka auna bawul, ka nuna mini alamomin taimin, ina tsaye ina kallo ba zan ce maka komai ba. Abin da na gani a hannunka shi zan faɗa wa kawunka, ko wata shida suka rage maka ko shekara, daga nan mu duba ko a wurina za ka ƙarasa, ko in haɗa ka da wani abokin sana'a da ya fi ni sanin motocin kwamfuta.