Tabon da ke ƙafar babanki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Sai da na karanta shi sau biyu, don karon farko dariya ce ta hana ni gamawa. Wai mura ta kama yaronki ɗan wata takwas, hanci ya toshe har ba ya iya kama nono, surukarki ta ce a lasa masa zuma a yi masa sirace, ƙawarki kuma ta ce ki sayo antibayotik a gama da ita dare ɗaya. Ke kuma kina tambayar Goggonki wai magungunan gida gaskiya ne ko camfi. Dariyar ba ta daɗe ba, da na sake ganin "wata takwas" sai gabana ya faɗi.

Zumar nan, ajiye ta. Yaron da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma ko da lakuce ne. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda hanjin jariri bai yi ƙwarin da zai danne ta ba, sai ta yi dafi a cikinsa, jikinsa ya saki, kukansa ya yi rauni, ya kasa tsotso. Likitoci na kiranta botulizim. Mu a da ba mu sani ba, Allah ne kawai ya tsare. In ya wuce shekara, ƙaramin cokali ɗaya kafin barci yana lafar da tari sosai. Ki faɗa wa surukarki da ladabi, ki ce ni na ce.

Sirace kuwa, kin taɓa tambayar babanki inda ya samo tabon da ke bayan ƙafarsa ta hagu? Ni ce. Ina da shekara 12, shi bai kai 4 ba. Lokacin sanyi ne, majina har bakinsa, yana ta jan hanci kamar mai tsotsar ƙashi. Inna ta fita unguwa. Na sha ganin yadda take yi wa Baba: ta tafasa ruwa, ta jefa citta da ɓawon lemun tsami, ya lulluɓa da bargo ya sunkuya a kan tukunya har gumi ya keto masa. Na ce ai ni ma na iya. Na tafasa ruwan har yana ɓararraka, na sauke, na zaunar da shi a cinyata, na rufe mu da zanen Inna. Cikin duhun nan tururi ya buge shi a fuska, ya tsorata, ya harba ƙafa. Har yau ina jin ƙarar tukunyar da ta kife kafin ihunsa ya biyo baya. Maƙwabciyarmu ce ta shigo a guje ta tsoma ƙafarsa a ruwan sanyi ta riƙe shi a ciki, ya fi minti 20, ta hana kowa shafa masa mai. Da Inna ta dawo ba ta doke ni ba, da ta doke ni ma da ya fi min sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Tururi ake nema, ke kin kawo wuta." Murar ta warke da kanta cikin mako, ƙunar ta ɗauki wata biyu.

Don haka babba in ya ga dama ya yi siracensa, yana ɗan buɗe hanci na wani lokaci, ba ya kashe cutar. Amma yaro da tukunyar ruwan zafi ba sa haɗa lulluɓi.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce mura in ka sha magani kwana bakwai ce, in ba ka sha ba mako guda. Muna ɗauka zolaya ce, ashe gaskiya ya faɗa: kwana 7 zuwa 10 take yi, tarin kan iya jan mako 3. Wata ƙwayar cuta da ake kira bairas ce ke kawo ta, kuma irinsa ya haura 200, shi ya sa ka warke yau wani ya kama ka wata mai zuwa. Antibayotik wata ƙwayar cutar daban, wato bakteriya, yake kashewa, bairas bai san da zamansa ba. Ko majina ta koma kore, ba ita ce shaidar ana bukatarsa ba. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu ke nan, atishawa biyu sai kafso. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano antibayotik ɗin nan fenisilin ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan sa ba bisa ƙa'ida ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Shi yaron, ɗiga masa ruwan gishiri na hanci irin na jarirai, ɗigo biyu kowane ɓangare kafin shayarwa, ki share majinar, ki yawaita ba shi nono. Kada ki ba shi asfirin. In kin ga numfashinsa na sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi nono sam, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ki ajiye ni da surukarki da ƙawarki duka, ki nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ke ma na san za ki ɗauki murar. Rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki kurkure maƙogwaro ki tofar. Ki sha ruwa, ki kwanta, in akwai mai barin uwar goyo ta kwanta.

Batun camfi kuwa, dogo ne, sai kin zo. Ki gaishe min da babanki, kada ki ce masa na ba ki labarin tukunya.