Hannun PS5 ko na Xbox: amsa ga mai ciwon babban yatsa

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka inda ka ce kana tara kuɗi domin ka sayi na'urar gem ka ajiye a gidanka da ke Rikkos a Jos, kai da yaranka biyu ku riƙa bugawa, amma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin PlayStation 5 da Xbox Series S. Ka kuma ce duk ranar da ka daɗe kana buga ƙwallo da hannun PS4 na ƙaninka, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, gindin babban yatsanka na hagu yakan kwana yana ciwo, shi ya sa kake son sanin wane hannun gem ne ya fi daɗin riƙo. Ina da abin cewa a kan wannan, domin tun 2014 nake riƙe da shagon gem a Anguwar Rogo, na fara da PS3, na koma PS4, yanzu kuma ina da PS5 guda biyu da Xbox guda ɗaya, kuma babu irin hannun da ban riƙe ba, ban kwance ba, ban kuma ga yadda yake tsufa a hannun jama'a ba.

Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne wurin da aka dasa analog ɗin hagu, wato ɗan sandar da ake turawa da babban yatsa a tafiyar da wasa, domin a nan ne kamfanonin biyu suka raba hanya, kuma a nan nake zaton ciwonka ya samo asali. Tun daga DualShock na farko, hannun PlayStation da Sony ya fitar a 1997, har zuwa DualSense na PS5 da ya fito a watan Nuwamba na 2020, analog biyun suna zaune ne a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, madannan kibiya kuma suna sama ta hagu. Microsoft kuwa tun daga Xbox na farko a 2001 ya ɗaga analog ɗin hagu sama, ya sauko da madannan kibiya ƙasa. Ka gwada wani abu yanzu: ka ɗauki wayarka a kwance da hannu biyu, ka saki yatsunka su huta ba tare da ka tilasta musu ba. Za ka ga babban yatsa yana miƙewa gaba ne, yana ɗan kallon sama. Wurin da ya sauka da kansa shi ne wurin da analog ɗin Xbox yake. A hannun PlayStation dole yatsan ya lanƙwaso ciki ya sauko, kuma a wasan ƙwallo analog ɗin hagu ne ke tafiyar da ɗan wasa daga busa ta farko har ta ƙarshe, babu hutu. Minti ashirin ba komai ba ne, amma awa uku a jere yatsa yana lanƙwashe yana turawa, gaɓar da ke gindinsa ce ke ɗaukar nauyin.

Akwai wani direban babbar mota da yake zuwa shagona duk lokacin da ya sauke kaya a Jos, mutum ne mai faɗin tafin hannu da kaurin yatsu. Na sha zama ina kallon yadda yake riƙe DualShock 4, wato hannun PS4: ƙahonnin hannun biyu suna ɓacewa a cikin tafinsa, ƙananan yatsunsa biyu na ƙarshe suna reto a iska babu abin da suka kama, kuma idan ya tura analog biyun ciki a lokaci guda sai manyan yatsunsa su yi karo. Kowane hutun rabin lokaci sai ya ajiye hannun a cinyarsa ya yarfe yatsu. Ranar da na zaunar da shi a gaban Xbox, wasa biyu na farko ya yi ta kuskure yana neman analog a inda ya saba, ya yi ta mita, amma daga na uku ya yi shiru, kuma tun daga ranar idan ya shigo kujerar Xbox yake tambaya. Abin da na gani da idona ke nan, ba sau ɗaya ba, a wurin masu manyan hannuwa.

Sai dai adalci shi ne in gaya maka cewa hannun da ya sa maka ciwo DualShock 4 ne, kuma DualSense ba shi ba ne. Sony ya ƙara masa jiki sosai. DualShock 4 nauyinsa kusan giram 210 ne, DualSense kuwa ya kai kusan giram 280, ƙahonninsa sun fi tsawo da cika tafi, don haka nauyin riƙon yana komawa tafin hannu maimakon yatsu su yi ta damƙa. Mutane da yawa da suke kuka da hannun PS4 sun samu sauƙi da na PS5. Abin da bai canja ba shi ne mazaunin analog ɗin, kuma ga yara ƙanana ƙarin girman nan matsala ce, domin na ga yaro ɗan shekara bakwai yana sakin riƙo gaba ɗaya kafin yatsansa ya kai R2, madannin da ke can goshin hannun ta dama. Hannun Xbox Series kuwa an ɗan rage shi idan aka kwatanta da na Xbox One, an sassauta kafaɗunsa, kuma Microsoft da kansa ya ce ya yi hakan ne domin ya dace da ƙananan hannuwa har da na yara. Tun da ka ambaci 'ya'yanka, wannan ya shafe ka kai tsaye.

Inda DualSense ya yi wa kowa fintinkau shi ne abin da tafin hannu ke ji. Girgizarsa ba irin ta da ba ce mai kaɗa hannu gaba ɗaya kamar injin niƙa. Akwai wani ɗan wasa mai suna Astro's Playroom da yake zuwa a cikin kowace PS5, kuma duk sabon baƙo shi nake fara kunna masa: idan halittar tana tafiya a kan yashi za ka ji daban, a kan ƙarfe daban, idan ruwan sama ya sauko za ka ji ɗigon yana faɗowa ɗaya bayan ɗaya a tafinka. Madannan L2 da R2, waɗanda ake ja kamar kunamar bindiga, suna iya yin tauri ko laushi bisa abin da ke faruwa a wasan, ta yadda jan baka yake da nauyinsa, taka birkin mota yake da nasa. Na yaba da wannan fasaha ƙwarai, kuma hannun Xbox ba shi da kwatankwacinta, ko da yake shi ma kunamominsa suna ɗan girgiza. Amma ga mai ciwon hannu akwai abin lura. Tun daga FIFA 21 na PS5, madannin gudu yana ƙara tauri idan ɗan wasa ya gaji, wato a ƙarshen wasa, daidai lokacin da yatsanka ma ya gaji, sai a ƙara masa aiki. A shagona na shiga saitin na'urar na rage ƙarfin wannan taurin, saboda yatsun masu bugawa da kuma tsawon ran hannun kansa, kuma ina ba ka shawarar ka yi haka idan PS5 ka saya.

Madannan kibiya da madannan fuska ba za su ɗauke mu lokaci ba. Na Xbox Series faifai ne mai ƙara, kowane danni sai ka ji ƙas, abin da masu wasan faɗa suke so saboda sun san dannin ya shiga, amma da dare idan iyali sun kwanta ƙarar tana fita. Na DualSense sun fi laushi da shiru. Wannan sabo ne kawai, mako guda ya isa yatsa ya koya.

Maganar batir kuwa dole in tsaya a kanta, domin a garin nan daɗin hannun gem ba ya rabuwa da halin wutar lantarki. DualSense batirinsa a ciki yake, mai ƙarfin 1,560 mAh, ana cajinsa da wayar USB-C. Girgizar nan mai daɗi, da fitila, da lasifika, da makirufo duk daga jikinsa suke sha, shi ya sa a shagona ban taɓa ganin wanda ya kai daga azahar zuwa rufe shago da caji ɗaya ba, kuma bayan shekara guda ana aiki da shi kullum lokacin yana ƙara gajarta. Sakamakon haka yawancin lokaci a jone ake bugawa, waya tana jan hannun, kuma bakin cajin ne ke fara sassautawa idan yara suna fizga. Hannun Xbox batir biyu na AA yake ci. Da farko na raina wannan, na ɗauka ci baya ne a ce na'urar zamani tana cin batirin tocila, amma da na sayi batura huɗu masu caji da ƙaramar cajarsu sai ra'ayina ya sauya. Biyu suna ciki, biyu suna jira, kuma canjin bai kai minti ɗaya ba. Idan batirin ya mutu gaba ɗaya sai a sayi wani a kasuwa, ba sai an kwance hannun ba. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne batura masu arha na shagon unguwa, domin ba sa daɗewa, kuma idan aka manta da su a ciki suna iya zubar da ruwa su ci ƙarafan da suke taɓawa.

Akwai kuma cutar da ba ta bar kowanne ba, wato analog ya fara tafiya da kansa, ka ajiye hannu a tebur ka ga ɗan wasanka yana gangarawa gefe. Hannuwan biyu suna amfani da iri ɗaya na ƙaramin inji a ƙarƙashin analog, inda wani siririn ƙarfe yake goga a kan zobe mai baƙin shafi domin ya gane inda aka tura. Gogayya tana cinye shafin, ƙura kuma tana hanzarta abin. Ka san yadda hunturun Jos yake daga Disamba zuwa Fabrairu. A bara na kwance wani DualSense da bai cika wata takwas ba, na tarar da garin jar ƙura haɗe da ɓurɓushin roba ya kewaye gindin analog ɗin kamar an barbaɗa yaji. Tun daga lokacin duk hannun da aka gama da shi a cikin akwatin roba mai murfi yake kwana, kuma na hana cin gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kan kujerun wasa. A nan PlayStation yana da fifikon da ba za a musa ba, domin shi ne ya cika gari, masu gyara a wajen kasuwar Taminus sun saba da cikinsa, kayan gyaransa sun fi samuwa, kuma idan hannu ya lalace za ka samu aro a wurin maƙwabci. Na Xbox sau da yawa sai na aika Abuja, can Banex a Wuse 2, kafin in samu abin da nake nema. Manyan hannuwa masu tsada irin su DualSense Edge, wanda ya fito a 2023 kuma ana iya zare analog ɗinsa a sa sabo, da Xbox Elite Series 2, ba su ne abin da mai sayen na'urar farko zai sa kuɗinsa a kai ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo maka maganar hannun Nintendo Switch Pro. Gaskiya ne yana da daɗin riƙo, mazaunin analog ɗinsa irin na Xbox ne, batirinsa kuma Nintendo ya ce yana kai kusan awa 40, amma ba ya aiki a kan ko ɗaya daga na'urori biyun da kake zaɓa a tsakaninsu, don haka ba ya cikin lissafinka.

Hukuncina ga halin da ka bayyana shi ne hannun Xbox ya fi dacewa da kai, saboda mazaunin analog ɗinsa, da girmansa ga yaranka, da sauƙin batirinsa. Ƙari a kan haka, tsofaffin hannuwan Xbox One suna aiki a kan Series S, don haka hannu na biyu da na uku za ka iya samu na gwanjo, alhali hannun PS4 na ƙaninka ba zai buga wasannin PS5 ba, wasannin PS4 kaɗai yake yi a kanta. Idan kana da kwamfuta mai Windows ma hannun Xbox yana hawa ba tare da wahala ba. Amma ka sani ba hannu kaɗai kake saya ba. Series S ba ta da wurin sa faifai, duk wasanni sai an sauke ta intanet, kuma wasan ƙwallo ɗaya gigabait masu yawa ne, ga kuma cewa abokan yaranka kusan duk PlayStation suka sani. Idan waɗannan suka fi nauyi a wurinka ka ɗauki PS5 ba tare da fargaba ba, ka rage taurin kunama, ka koyi tura analog da tsokar yatsa maimakon ƙarshensa, ka kuma daina matse hannun da ƙarfi idan wasa ya yi zafi, domin rabin ciwon da nake gani daga wannan matsewar yake zuwa. A lokacin sanyi ka murza hannuwanka su ɗumama kafin ka fara. Idan kuma ciwon yana zuwa ko ba ka taɓa gem ba, ko yana tare da kumburi ko mutuwar yatsa, ka je asibiti a duba, kada ka jira canjin hannu ya warkar da shi.

Kafin ka biya ko sisi, ka je kowane shagon gem da ke da na'urorin biyu, ka biya kuɗin wasa uku a kan kowacce, a rana ɗaya, kuma ka tafi da babban ɗanka. Riƙon minti biyu a gaban mai sayarwa ba zai nuna maka komai ba, domin ciwon sai bayan rabin awa yake bayyana. Idan ka tashi sayen hannu na biyu ka kula da jabu, musamman na PS4 da PS5 da suka yi yawa a kasuwa: na gaskiya yana da nauyi, ɗinkin jikinsa a haɗe yake sumul, kuma a bayan DualSense na ainihi, idan ka kanga shi a haske ka duba da kyau, za ka ga ƙananan alamomin alwatika, da'ira, gicciye da murabba'i a jere su ne suka yi masa kaushin riƙo. Ka sa mai shagon ya jona shi, ka ajiye shi a tebur na minti ɗaya ba tare da ka taɓa ba, ka kalli allo ka ga ko wani abu zai motsa.