Limamin cocin da ya tsare kiɗan Ireland

Tambaya: Na ji an ce wani limamin coci ne ya ceto tsofaffin kaɗe-kaɗen ƙasar Ireland daga ɓacewa. Wane ne shi, kuma me ya haɗa malamin addini da makaɗa?

Amsa: Mai tambaya, James Goodman kake nufi. An haife shi a 1828 kusa da Dingle, a yankin Kerry da ke kudu maso yammacin Ireland, ya rasu a 1896. Amma cewa shi kaɗai ya ceto kiɗan ya yi yawa, domin akwai irin su Edward Bunting da George Petrie da suka riga shi shiga wannan aiki. Inda ya bambanta da su shi ne cikin mutanen ya tashi.

Mahaifinsa limamin cocin Furotesta ne a Dingle, alhali kusan dukkan talakawan yankin 'yan Katolika ne masu magana da harshen Irish. Yaron ya girma yana jin harshen a bakin manoma da masunta har ya zame masa kamar na gida. Ya koyi busa sarewa, sannan ya koyi uilleann, wani abin busa mai salka wanda ba da baki ake hura shi ba, da gwiwar hannu ake matsa masa iska, irin yadda maƙeri ke zuga. Ya yi karatu a Trinity College da ke Dublin, aka naɗa shi limami a farkon shekarun 1850.

A nan lokacin yake da muhimmanci. Daga 1845 cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin talaka, yunwa ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan suka yi ƙaura. Makaɗan ƙauye, da yawansu makafi, da taron jama'a suke ci. Da jama'ar ta watse, kiɗan ya bi su. Goodman ya ji waɗannan sautuka tun kafin yunwar. Lokacin da yake aiki a Ardgroom, a yankin Cork, ya zauna a farkon shekarun 1860 yana rubuta su da alamomin kiɗa, da dama daga wani makaho mabushi mai suna Tom Kennedy. Abin da ya tara ya haura sauti 2,000.

Kada a ɗauka labarin babu ƙura. Cocinsa na ƙoƙarin janyo 'yan Katolika ta hanyar wa'azi da harshensu, kuma shi ma ya sa hannu a wannan tun yana matashi. Duk da haka, a ganina aikin kiɗan ba dabarar wa'azi ba ce, so ne kawai: bai buga shi ba, bai nemi suna da shi ba.

Daga baya ya zama limamin garin Skibbereen da ke yankin Cork, inda ya zauna har rasuwarsa, kuma a 1879 ya zama farfesan harshen Irish a Trinity. Can ɗakin karatun jami'ar rubuce-rubucen suka kwanta kusan shekara ɗari, sai a 1998 wani masanin kiɗan gargajiya, Hugh Shields, ya fitar da kashi na farko a littafi, na biyu ya biyo a 2013. Yanzu akwai mutum-mutuminsa riƙe da abin busarsa a ƙofar cocin Abbeystrewry a Skibbereen, kuma mabusa na yau suna koyon sautukan daga shafukan da ya rubuta.