Harbin kifi da kwari da baka: tambayar wani matashi daga Maradi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni matashi ne nan Maradi, ina ganin bidiyon turawa a waya suna harbin kifi da baka, kibiyar tana da zare suna jawowa, abin ya shiga raina ina son in fara a tafkin Madarumfa. Kuɗina ba su wuce jika goma sha biyar na sefa ba. Wani abokina ya ce kifin da kibiya ta kashe mushe ne tunda ba a yanka ba, kuma wai zalunci ne. Malam ya abin yake? Kuma zan iya cin bashi in sayo irin na turawan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. To ɗana, maganar mushe mu fara kawar da ita don ba ta da wuya. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta muku farautar ruwa da abincinsa. Kuma da aka tambayi Annabi (SAW) kan ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa daga Abu Huraira. Kaga kenan kifi ba ya buƙatar yanka, ko koma ta kama shi ko ƙugiya ko zago ko kibiya duk ɗaya ne, ko da kansa ya mutu a mazhabarmu ta Malik ana ci. Sharuɗɗan da abokinka ya ji, na cewa sai kibiya ta huda kuma sai an yi bisimilla lokacin harbi, na naman dawa ne irin su barewa da zabo. Ka yi bisimillarka don albarka, amma in ka manta kifinka bai haramta ba.

Inda nake so ka tsaya ka saurare ni shi ne niyya. A Risala an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Kuma Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi ya hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti, Ibn Umar ma ya taɓa iske samari sun ɗaure tsuntsu suna harbi, da suka hango shi suka watse, ya gaya musu Annabi ya la'anci mai yin haka. To yawancin bidiyon nan da kake gani daga Amurka ne, wasu cikinsu su harbi kifi tuli su ɗauki hoto su zubar, wannan kam ban yarda maka da shi ba ko kaɗan, ga mutane nan unguwarku da sai su yi wata ba su ga kifi a miya ba. In za ka ci, ko ka sayar, ko ka ba maƙwabci, bismillah, jin daɗin da ka samu a ciki ba laifi ba ne, harbi ma abu ne da Annabi ya kwaɗaitar a koya. Amma koyon saiti ka yi shi kan buhun ƙaiƙayi, ko ka nutsa gorar roba cikin ruwa ka yi ta harbi, don ido yana ruɗin mutum a ruwa, haske yana karyewa sai ka ga kifi sama da inda yake, dole ka sauke saiti ƙasa da shi. Wanda bai koyi wannan ba sai ya riƙa yi wa kifi rauni yana tserewa ya je ya ruɓe, wannan shi ne zaluncin da abokinka ke tsoro kuma nan yana da gaskiya. Shi ya sa kibiyar sai mai kunne wadda ba ta zarewa, da zare mai ƙwari, in ka jawo ka gama da shi nan take kar ka bar shi yana ta mutsu-mutsu a rana, Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har wajen kisa.

Dafi kuma a'a. Na san maharbanmu na da suna shafa wa kibiya dafi, a ruwa kar ka kuskura, mutane da dabbobi ke sha, kuma kifin cikinka zai shiga.

Batun bashi, in da ruwa a cikinsa haramun ne ba sai mun ja ba. In babu ruwa ya halatta, amma ni dai ba zan ba ka shawara ba wallahi, ka ɗora wa kanka nauyi kan abin da ba ka ma gwada ba. Bakan gida na maharba ya ishe ka farawa tunda harbin kusa ne, taku kaɗan, maƙeri zai ƙera maka kan kibiya mai kunne da arha, kibiyar ta yi ɗan nauyi don ta ratsa ruwa, zaren kuma ka naɗe shi jikin gwangwani a gaban bakan. Ka kula sosai kar ya sarƙe da tsirkiya, in ya sarƙe kibiya na iya dawowa ta same ka a ido, ba wasa ba ne. Sannan ka sani ruwanmu nan yawanci gurɓatacce ne ba garai-garai ba, sai ruwa ya ja baya a rani ko ka samu tarwaɗa ta taso shaƙar iska ko karfasa a bakin gaɓa, don haka kar ka taɓa kuɗin cefanen gida kana tsammanin kifi zai mayar.

Tafkin kuma yana da masu shi. Akwai masunta da ke ci da iyalinsu daga nan, ka je ka gaida sarkin ruwa ka nemi izini, kar ka yi harbi kusa da tarunsu ko inda yara ke wanka da mata masu wanki. Nijar tana da dokar kamun kifi, ka je wajen jami'an ruwa da gandun daji ka gaya musu abin da kake son yi kafin ka kashe ko dala, in suka hana to ka bari, bin hukuma a irin wannan wajibi ne. Ga kuma halin tsaro da yankin Madarumfa ke ciki, kar a gan ka da dare da makami da tocila a bakin ruwa a ɗauke ka wani abu daban. In za ka ratsa kasuwa ka rufe kawunan kibau, Annabi da kansa ya yi umarni a riƙe su don kar su soki musulmi, hadisin Abu Musa ne a Bukhari.

Saura jini. Kibiya tana fitar da jini, kuma a mashhurin mazhabar Malik jinin da ya kwarara najasa ne ko da na kifi ne, haka Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar, duk da Hanafiyya suna ganin mai tsarki ne. Ɗan ɗigo da bai wuce faɗin dirhami ba an yi rangwame, in ya fi haka ka wanke kafin ka yi salla, ko ka tafi da wata riga daban a leda.

Wallahu a'alam.