Fayil a buɗe yake, ya zan ƙara rubutu a ƙarshensa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, na haɗa ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta na Python don shagon yayana, tana rubuta kowane ciniki a fayil ɗaya. Ina buɗe fayil ɗin da "r+", wato yanayin karatu da rubutu, don in riƙa duba cinikin jiya. Ranar da na fara rubutu kai tsaye ban karanta komai ba, sabon ciniki ya hau kan layin farko ya cinye shi. In rufe in sake buɗewa da "a" ne, wato yanayin ƙari a ƙarshe, ko akwai yadda zan ƙara ba tare da rufewa ba?

Amsa: Ƙanena, kowane fayil da aka buɗe yana da alamar da ke nuna inda rubutu na gaba zai sauka. Da "r+", alamar tana farawa daga bayit na farko, kuma rubutu ba ya matsar da abin da ya tarar, dannewa yake yi. Allah ya taimake ka ba "w" ka sa ba, don ita tana share fayil ɗin gaba ɗaya tun lokacin buɗewa, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya.

Ba sai ka rufe ba. Kafin kowane rubutu ka sa f.seek(0, 2) (f shi ne fayil ɗin da ka buɗe), wato ka kai alamar ƙarshen fayil, sannan ka kira f.write. 

Amma in ni ne kai, "a+" zan zaɓa tun farko. Da ita kana iya komawa baya da seek ka karanta cinikin jiya, amma a Linux da makamantansa duk rubutu ƙarshe yake tafiya, ko ina ka bar alamar. Tsarin kwamfutar ne da kansa ke kai alamar ƙarshe a daidai lokacin rubutun, ta wata tuta da ake kira O_APPEND. Da "r+" kai ne ke tunawa a kowane wuri, kuma watarana za ka manta. 

Abu biyu ƙanana. write ba ta sa sabon layi da kanta, sai ka ƙara "\n". Sannan ka sa encoding="utf-8" wajen buɗewa; in ba haka ba, a Windows, ranar da aka sayi ƙuli-ƙuli ko ɗanwake manhajar na iya tsayawa, don tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai bai san ƙ da ɗ da ɓ ba.

Tambaya: Kwamfuta biyu ne a kantinmu, ɗaya a gaba ɗaya a sito, duka suna rubutu a fayil ɗaya ta hanyar sadarwa. Wani lokaci layuka na cakuɗewa. "a" za ta gyara?

Amsa: Hajiya, a kwamfuta ɗaya tana taimakawa ƙwarai, amma a fayil ɗin da aka raba ta hanyar sadarwa kada ki dogara da ita. Littafin bayanin Linux da kansa ya yi gargaɗi cewa O_APPEND na iya ɓata fayil a kan NFS, wato tsarin raba fayil ta hanyar sadarwa, in marubuta sun yi yawa. Kowace kwamfuta ta riƙe fayil ɗinta, a haɗa da yamma, ko kuma manhaja guda ta riƙa karɓar ciniki daga duka biyun ita kaɗai ke rubutu.

Tambaya: In aka ɗauke wuta, cinikin ƙarshe-ƙarshe yakan ɓace ko da na riga na rubuta shi. An ce in sayi UPS, na'urar batiri da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. Ya dace?

Amsa: Alhaji, tsaya da kuɗinka tukuna. Abin da write ta karɓa ba nan take yake zuwa faifai ba. Yana taruwa a ƙwaƙwalwar wucin gadi har ya yi yawa ko a rufe fayil. Bayan kowane ciniki a sa f.flush(), sannan os.fsync(f.fileno()). Ta farko tana miƙa wa tsarin kwamfutar, ta biyun tana tilasta masa ya sauke a faifai. Yana rage sauri kaɗan, amma shagon da ke ciniki ɗari biyu ko uku a rana ba zai ji a jikinsa ba.

UPS tana da amfaninta in tebur ce kwamfutar, don tana kare na'urar da kuma ba da 'yan mintoci a kashe ta lafiya. In laftof ce, batirinta ya riga ya yi wannan aikin. Kuma in harkar ta girma har kana neman cinikin wata kaza ko bashin wane, ka bar fayil ɗin rubutu ka koma SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun adana bayanai. Kyauta ce, tana cikin Python tun sigar 2.5 ta 2006, kuma an gina ta ne yadda ciniki ko ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba, ko da wuta ta ɗauke a tsakiya.